Kamfanonin ɗaukar ma'aikata da alhakinsu ga al'umma: wa ya kamata ya biya kuɗin neman aiki?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana ci mini rai, na ce bari in kawo ta nan mu tattauna. Shekarata goma sha ɗaya a sashen kula da ma'aikata, kuma kusan rabin mutanen da muka ɗauka a tsawon wannan lokaci ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata suka zo. Makon jiya ɗaya daga cikinsu ya aiko mana da rahotonsa na shekara, cike da hotuna: sun raba wa yara littattafai, sun shuka itatuwa, sun kai ziyara gidan marayu. Suka ce wannan shi ne alhakin da suka sauke wa al'umma. Ban raina ba, Allah ya saka musu. To amma a ranar da rahoton ya iso, wani mai gadi da su suka turo mana ya same ni a ofis, ya ce wata biyu ke nan albashinsa bai shigo ba. Na duba takardunmu, mun biya kamfanin kan lokaci, ko kwana ɗaya ba mu ƙara ba. Da na ƙara tambayarsa, sai ya ce tun kafin a ba shi aikin sai da ya biya kuɗin fom da kuɗin rajista, kuma bashi ya ci ya biya. Tambayata ita ce: kamfanin da sana'arsa haɗa mutum da aiki, ina alhakinsa ga al'umma yake farawa? A gidan marayu, ko a kan wannan mai gadin?

Sadiya:
Wa alaikumus salam. Malam, kamar ka shiga zuciyata. Shekara biyu na yi ina aikin wucin gadi ta hannun irin wannan kamfani. Ni da wata abokiyar aikina teburi ɗaya muke, aiki ɗaya muke yi, ita ma'aikaciyar dindindin ce, ni kuma ta kwantiragi. Tana da hutun shekara, tana da inshorar lafiya, ana tara mata fansho. Ni ko takardar albashi ban taɓa gani ba, balle in san nawa ma'aikatar ke biya a kaina, nawa ake cirewa. Ranar da na yi rashin lafiya na kwana uku, sai da aka yanke mini kuɗin kwanakin. Na je wurin ma'aikatar suka ce ni ba tasu ba ce, na je wurin kamfanin suka ce ma'aikatar ce ba ta biya su kwanakin ba. Haka na rasa wanda zan kama.

Auwal:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Ni ban yarda da wannan magana ta alhakin al'umma ba tun daga tushe. Kamfani kasuwanci ya fito yi. Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Milton Friedman, ya faɗa tun 1970 cewa alhakin kamfani ga al'umma shi ne ya ƙara riba. Idan kamfani ya samar wa mutum dubu aiki, ai ya gama taimakon al'umma. Kula da walwalar jama'a aikin gwamnati ne, shi ya sa ake biyan haraji.

Barista Nura:
Auwal, ka kawo rabin maganar ka bar rabi. A wannan rubutun Friedman ya gindaya sharaɗi, cewa a nemi ribar a cikin ƙa'idojin kasuwa, ba tare da yaudara ko zamba ba. Riƙe albashin mai gadi wata biyu bayan an biya ka, ko shi Friedman ba zai kira shi neman riba ba.

Bari in ɗan faɗaɗa, tunda nan ne fannina. A 2011 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa. Ginshiƙai uku ne: gwamnati ta kare haƙƙi, kamfani ya mutunta shi, wanda aka zalunta kuma ya sami hanyar bi masa kadi. A cikin bayanin ƙa'idojin akwai wurin da ya amsa tambayar Malam Habibu kai tsaye. An ce kamfani na iya yin ayyukan alheri iri-iri, amma hakan ba ya goge laifin tauye haƙƙi a cikin harkarsa ta yau da kullum. Wato littattafan da aka raba wa yara ba za a lissafa su a madadin albashin mai gadi ba.

Game da kuɗin fom kuwa, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 181 ta shekarar 1997, wadda aka yi musamman don kamfanoni masu zaman kansu da ke samar da aiki. Sashe na 7 ya ce kada su karɓi kuɗi daga ma'aikaci, kai tsaye ko a fakaice, duka ko wani ɓangare. An bar wa gwamnatoci 'yar ƙofa su keɓe wasu nau'o'in aiki bayan sun tuntuɓi ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki, amma asalin hukuncin shi ne ma'aikaci ba ya biya. Matsalar ita ce ƙasashe da yawa ba su rattaba hannu a kanta ba.

Hajiya Rabi:
Salamu alaikum. Ni ce mai laifin da ake magana a kai, tunda ina da ƙaramin kamfanin samar da ma'aikata, shekara takwas ke nan. Ina roƙon ku saurare ni da kyau, domin wanda yake cikin ruwa shi ya san zurfinsa.

Riƙe albashi zalunci ne, wannan babu gardama, kuma ban taɓa yi ba. Amma ku san yadda harkar take. Ma'aikata babba za ta kira kamfanoni biyar ta ce kowa ya kawo farashinsa, kuma wanda ya fi arha shi ake ba. Ni na lissafa albashi, na sa inshora, na sa fansho, na sa kuɗin tantance mutum da binciken inda ya fito, na sa ladana. Wani ya zo ya kawo farashin da ko albashin bai cika ba. Kowa a ɗakin ya san ba zai yiwu ba sai in daga jikin ma'aikaci zai fanshe, amma shi ake ba kwangilar. Sannan ko an ba ka, sai a ce za a biya ka bayan kwana sittin ko casa'in, alhali ma'aikaci ƙarshen wata yake jira. Sau nawa na ci bashin banki don in biya albashi kafin kuɗina ya fito? Saboda haka idan za a yi maganar alhaki, a haɗa da masu ba mu aikin. Malam Habibu, ranka ya daɗe, ba da kai nake ba, amma ka duba yadda kuka zaɓi wannan kamfanin, zan yi mamaki in ba arha ce ta ja ku ba.

Malam Habibu:
Hajiya, kin faɗi gaskiya, kuma ta shige ni. Na koma na duba fayil ɗin. Kamfanoni huɗu ne suka nema, muka ɗauki mafi arha, kuma babu wanda ya tambaye su ta yaya za su iya a wannan farashin. Ina cikin kwamitin da ya sa hannu.

Baban Khadija:
Ni abin da ya faru da ƙanena zan ba ku. Wani ejan ya yi masa alƙawarin aikin tuƙi a ƙasar waje. Aka ce ya kawo kuɗin biza, kuɗin gwajin asibiti, kuɗin tikiti, kuɗin wanda ya yi hanya. Muka tattara abin da muke da shi, ya ci bashi a kai. Da ya sauka, sai aka miƙa masa wata takardar kwantiragi daban da wadda ya sa wa hannu a gida, cikin yaren da ba ya ji. Aikin ba tuƙi ba ne, ɗaukar kaya ne, albashin kuma bai kai abin da aka faɗa ba. Fasfo ɗinsa suka karɓe wai don ajiya. Ya kira ni yana kuka, na ce ka dawo mana. Ya ce Yaya, da wane fasfo, kuma in na dawo da me zan biya bashin? Sai da ya yi wata goma sha huɗu kafin ya gama biya. Babu wanda ya ɗaure shi da igiya, bashin ne ya riƙe shi.

Barista Nura:
Allah ya kiyaye gaba, Baban Khadija. Abin da ka bayyana yana da suna a doka, bautar bashi, kuma ILO na lissafa shi cikin alamomin aikin tilas, tare da riƙe fasfo da yaudara a kan sharuɗɗan aiki. A ƙiyasin da ILO ta fitar tare da abokan aikinta a 2022, mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya a 2021, kuma ma'aikata 'yan ci-rani sun fi sauran ma'aikata faɗawa ciki har ninki uku. Dalilin da ya sa ake matsa wa maganar kuɗin ɗaukar aiki lamba ke nan. Mutumin da ya shiga aiki da bashi a wuya ba ya iya cewa a'a, ba ya iya kai ƙara, ba ya iya ajiye aikin.

Kuma saboda masu wayo da ke canza wa kuɗin suna, a 2019 ILO ta amince da fassarar abin da ake nufi da kuɗin ɗaukar aiki. Ta haɗa da gwajin lafiya, inshora, gwajin ƙwarewa, horo, kayan aiki, tafiya da masauki, da kuɗin takardu irin su biza. Duk abin da ƙanenka ya biya yana cikin jerin.

Auwal:
To na ji. Amma in ma'aikaci bai biya ba, wa zai biya? Kuɗin ba daga sama zai faɗo ba.

Hajiya Rabi:
Mai buƙatar ma'aikacin mana. In ka sayi injin, kai kake biyan kuɗin ɗauko shi. Me ya sa in mutum ne sai a ce shi zai biya kuɗin kawo kansa?

Barista Nura:
Haka ne, kuma an gwada an gani. A 2015 kamfanin Apple ya hana masana'antun da ke yi masa kaya barin a karɓi ko sisi daga ma'aikaci don a ɗauke shi, inda aka gano an karɓa kuma sai a mayar. A 2016 wasu manyan kamfanoni suka haɗu a kan ƙa'idar cewa mai ɗaukar aiki shi ke biya. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Top Glove, kamfanin Malesiya mai yin safar hannu ta roba. A Yulin 2020, lokacin da duniya ke tsananin buƙatar safar saboda annobar korona, hukumar kwastan ta Amurka ta hana shigar da kayan wasu rassansa bisa alamomin aikin tilas. Da yawa daga ma'aikatansa 'yan Nepal da Bangladesh ne da suka biya ejan-ejan kuɗi mai yawa a ƙasashensu. Sai da kamfanin ya biya ma'aikata fiye da dala miliyan 30 ya kuma gyara masaukansu, sannan aka ɗage haramcin a Satumban 2021. Ku lura, ejan-ejan ne suka karɓi kuɗin, amma masana'antar aka kama. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Auwal:
Wannan ai hujjata ce, Barista. Ba tausayi ne ya sa suka biya ba, kasuwa aka rufe musu. Ke nan doka ce ke aiki, alhakin al'umma kuwa kwalliya ce kawai.

Barista Nura:
A nan na yarda da kai rabi. Yawancin gyaran da aka samu a wannan harka bayan an yi asara aka same shi. A Fabrairun 2004 ma'aikata 'yan China fiye da 20 suka nutse a gaɓar Morecambe a Ingila, suna tsintar ƙwanson teku a ƙarƙashin wani dillalin ma'aikata, ruwa ya ciko ya rutsa da su da dare. A shekarar aka yi dokar da ta wajabta wa masu samar da ma'aikata a noma da sarrafa abinci da tsintar irin wannan ƙwanso su mallaki lasisi. Sai da rayuka suka salwanta. Amma doka ba ta zuwa ko'ina, kuma mai duba ma'aikatu ba ya kwana a ofishin kowa. Tsakanin abin da doka ta tilasta da abin da ya kamata akwai fili mai faɗi, kuma a wannan filin ne ake gane kamfani. Ba dokar da ta sa Hajiya cin bashin banki don ta biya albashi kan lokaci.

Sadiya:
Barista, batun nawa fa, na aiki ɗaya albashi daban? Akwai inda aka magance shi?

Barista Nura:
Akwai, ƙanwata. Tarayyar Turai ta yi doka a 2008 da ta ce ma'aikacin da ya zo ta hannun kamfanin samar da ma'aikata a ba shi muhimman sharuɗɗan aiki daidai da wanda aka ɗauka kai tsaye, kamar albashi da lokutan aiki da hutu, ko da yake an bar wa ƙasashe damar wasu keɓance-keɓance. A Birtaniya, bayan mako 12 a kan aiki ɗaya wannan daidaito yake farawa. Kuma dokarsu ta 1973 ta hana karɓar kuɗi daga mai neman aiki don a samo masa aiki, in ban da wasu sana'o'i ƙalilan irin na nishaɗi.

Injiniya Lawal:
Ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare da ba a taɓa ba. Duk maganarmu a kan wanda ya samu aikin ne. Wanda aka watsar da takardarsa tun a ƙofa fa? Kamfanin ɗaukar ma'aikata shi ne mai tsaron ƙofa, shi ke yanke wanda za a gani da wanda ba za a gani ba.

Akwai binciken da masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa a 2004. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallar guraben aiki a Boston da Chicago, suna sauya sunayen da ke kai, wasu irin na fararen fata wasu irin na baƙaƙen fata. Masu sunan farare sun sami kira da kusan kashi 50 cikin ɗari fiye da sauran. Suna kaɗai.

Yanzu kuma an miƙa tantancewar ga kwamfuta, ana cewa ita ba ta da son kai. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance takardu da ya ƙera, domin ta koyi rage wa mata maki. An horar da ita ne da takardun shekara goma da suka wuce, waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta ɗauka namiji shi ne ma'auni. Birnin New York ya fara aiwatar da doka a 2023 da ta ce sai an binciki irin waɗannan manhajoji ko suna nuna wariya kafin a yi amfani da su. Ni aikina ke nan, kuma ina gaya muku manhaja halin wanda ya horar da ita take ɗauka.

Hajiya Rabi:
Injiniya, ko babu kwamfuta muna ganin wannan kullum. Mai ma'aikata zai kira ni a waya, ba zai rubuta ba, ya ce kada ki turo mini matar aure, za ta yi ciki ta tafi hutu. Ko ya ce kada ya wuce shekara talatin. Ko ya ce ban son mai nakasa a gaban ofis. Da farko shiru nake yi in bi, domin ina tsoron rasa kwangila, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna mutanen da na ajiye takardunsu a gefe ba su san dalili ba. Yanzu cewa nake ya rubuto mini a takarda. Babu wanda ya taɓa rubutowa. Wasu sun bar ni, biyu daga ciki manya ne, na ji a jikina sosai. Wasu kuma suka karɓi wanda na tura. Akwai wata baiwar Allah mai amfani da keken guragu da na dage aka yi mata intabiyu, shekararta huɗu ke nan a sashen lissafin kuɗinsu.

Sadiya:
Allah ya ƙara arziki, Hajiya. Wani abu kuma da ba a faɗa: takardunmu. Mun ba su hoton katin shaida, lambar waya, adireshi, sakamakon makaranta. Wata shida bayan na yi rajista a wani wuri, sai kira ya yi ta shigo mini daga mutanen da ban sani ba, sun san sunana da abin da na karanta, suna cewa in turo kuɗi akwai aiki. Daga ina suka samu? Sannan ko amsa ba a ba mutum. Ka je intabiyu sau biyu, ka kashe kuɗin mota, shiru har abada. Saƙo guda na cewa ba a ɗauke ka ba, nawa zai ci?

Auwal:
A kan takardu da amsa ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Har yanzu dai ina ganin sunan ne bai dace ba. Wannan duk gaskiya da riƙon amana ne a sana'a, ba sai an yi masa rahoto mai hotuna ba. Kuma ina tsoron in aka tsananta sharuɗɗa, ƙananan kamfanoni irin na Hajiya su mutu, manya irin su Adecco da Randstad da ManpowerGroup su cinye kasuwar, tunda su ke da lauyoyi da kuɗin bin kowace ƙa'ida.

Hajiya Rabi:
Abin da ke kashe mu, Auwal, shi ne gasa da wanda ba ya bin ƙa'ida. In kowa zai biya inshora da fansho, farashina ba zai zama mafi tsada a ɗakin ba.

Baban Khadija:
Barista, ƙanena ya dawo shekara biyu ke nan. Rasit ɗin kuɗin da ya biya ejan ɗin suna nan a wurina, da kwantiragin farko da na biyu. Akwai abin da za a iya yi yanzu, ko lokaci ya wuce?

Barista Nura:
Kada ka yar da ko ɗaya, musamman kwantiragin biyu, domin bambancin da ke tsakaninsu shi ne babbar hujja. Fara da bincika ko ejan ɗin yana da lasisi daga hukumar da ke kula da ƙwadago. In yana da shi, akwai inda za a kai ƙorafi, in ba shi da shi kuma wannan laifi ne na daban. Ƙarar irin wannan tana da wa'adi, saboda haka kada a ƙara jinkiri. Turo mini hotunan takardun ta akwatin sirri in duba kwanakin da ke jiki.

Malam Habibu:
Bari in sanar da ku inda aka kwana. Jiya na kira shugaban kamfanin, na gaya masa ba za mu saki kuɗin watan nan ba sai mun ga shaidar biyan albashin duk mutum tara da suka turo mana. Yau da safe mai gadin ya zo ya nuna mini saƙon banki, wata biyun sun shigo. Kuɗin fom ɗin ne suke ta ja, wai wani wakilinsu ne ya karɓa ba da saninsu ba. Na ce wakilinku ai naku ne. Na kuma rubuta wa shugabanninmu cewa a sabunta kwangila a sa sharuɗɗa: ba karɓar kuɗi daga ma'aikaci, a riƙa ba kowa takardar albashi, mu kuma mu rage kwanakin biyansu zuwa talatin don kada su sami uzuri. Na ukun ne nake ganin zai sha wuya a sashen kuɗi. Hajiya, in ba damuwa, ki turo mini yadda kike warware farashinki dalla-dalla, albashi nawa, inshora nawa, lada nawa, domin ranar Litinin kwamiti zai zauna kuma ina so in nuna musu abin da farashin gaskiya ya ƙunsa.

Hajiya Rabi:
Ba damuwa, Malam. Zan cire sunayen abokan hulɗata in turo maka yau da daddare in sha Allah. Ka ƙara na huɗu a takardarka: a ba ma'aikatan lambar wani a ofishinku da za su iya kira kai tsaye in albashi ya makara, ba sai sun bi ta kamfanin da ya riƙe kuɗin ba.